Ranar da Auta Ya Hura wa Bene Iska

Autana yana da mata da 'ya'ya, gemunsa har ya fara furfura, amma har yau in ya ga abu mai sukurori a jiki sai hannunsa ya kama ƙaiƙayi. A shagon sayar da fenti yake aiki. Ba wanda ya taɓa koya masa gyaran komai. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, yaransa suka ɗauka, maƙwabta ma suka ɗauka don su riƙa samun abin dariya. Ni dai Auta na sani.

Muna haya a wani bene mai hawa uku, mu ne a ƙasa. Ni na zaɓi ƙasan, saboda gwiwoyina ba sa shiri da matakala. Daga gadona zuwa bakin titi ba tudu ba gangare. Mai gidan, wanda kowa ke kira Mai Bene, yana can hawan ƙarshe. Shi ma gwiwoyinsa sun fara gaya masa gaskiya, kuma kowa ya san idonsa na kan ɗakunanmu, dalili kawai yake nema. Auta ya riga ya ba shi rabin dalilin bara, da ya gyara famfon tsakar gida har takalman mutane suka yi iyo zuwa bakin ƙofa. Ranar Mai Bene ya tsaya a kaina ya ce, "Iya, don girmanki na bari. Amma in ɗanki ya sake taɓa wani abu a gidan nan, ku da hawan ƙasa sai dai kallo."

Na ce na ji. Na juya na ce wa Auta shi ma ya ji. Ya ce ya ji.

Garin namu iskarsa nauyi gare ta. Ka shanya riga da safe, da yamma ka tarar da ita da danshinta. Gishiri ya dunƙule a kwalba, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Saboda haka na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke ce wa esi, ba ta hutawa a falonmu. Tana tsotse ruwan da ke cikin iska, ta tura shi ta wani siririn tiyo da ya shige bango, ya fita waje. Ni ban damu da inda yake zuwa ba, tunda ba kaina yake zuwa ba.

Sai ranar wata Asabar da safe, ina zaune a kujerata, ya zo kaina.

Ɗigo ɗaya a kan ɗankwali. Na ɗaga kai, na biyu ya same ni a goshi. Na ja kujera, na kira matar Auta, ta kawo bokiti ta tara.

Ta ce, "Abban yara, a kira mai gyara."

Ya fito daga ɗaki yana ɗaura agogo. "Mai gyara? A gidan da nake numfashi?"

"An ce kar ka taɓa komai."

"An ce kar in taɓa kayan gidan. Wannan esin ni na saya, ko Mai Bene ne ya saya?"

Na ce, "Auta."

Ya ce, "Inna, kallo kawai zan yi."

Ya hau teburi ya kalla. Ya ƙwanƙwasa mata gefe, ya kara kunne kamar mai sayen kankana. Sannan ya sauko ya sanar da mu cewa zufa take yi. Wai aiki ne ya yi mata yawa, kuma duk na'urar da ke zufa lafiyarta ƙalau, sai dai a toshe inda zufar ke fita. Ya ɗauko salatif ya liƙe bakin ƙasa kakaf, ya ƙara wani a kai, ya shafe da tafin hannu. Ɗiga ta tsaya.

Ya kalli matarsa. "Nawa mai gyara zai karɓa a kan wannan?"

Ita bango take kallo. Ruwan da aka hana hanyarsa ya samu wata. Ya fito ta ɗaya gefen yana bin fenti a hankali, ya sauka daidai kan kayan makarantar yara da ta goge ta jera.

Auta ya ce na'urar ce ta karkace. Ya waiga, ya sunkuya, ya zare silifa ɗaya daga gaban kujerata, ya cusa a bayan esin don ta miƙe. Ta miƙe kuwa, duk abin da ta tara a ciki ya kwararo masa ta hannun riga har hammata.

Na ce, "Ba ni takalmina."

"Inna, aiki yake yi."

"A ƙafata ma aiki yake yi. Ba ni."

Ya ba ni. Ya zauna a bakin teburi yana ɗiga, ya ciro waya ya yi ta kallon waɗansu mutane suna gyara tasu. Can sai ya miƙe ya ce, kamar yadda ya faɗa tun farko, tiyo ne ya toshe. Matarsa ta ce ita zufa ta ji ya ce. Ya ce ai gwada mu yake yi. Ya yi mana bayani da hannu biyu: wai ruwan da ke bi ta tiyo yana tara gansakuka da ƙura, su zama wani yauƙi kamar majina, su toshe hanya. Wannan kam na yarda da shi, don na sha ganin haka a bakin kwata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne murmushin da ya biyo baya.

Ya fita waje, muka bi shi, ni da sandata.

A jikin bangon bene akwai wani farin bututu da ya sauko tun daga hawan ƙarshe har ƙasa, bakinsa a buɗe a kan kwata. Duk wani ɗaki mai esi a gidan, tiyonsa ta cikin bango ya zo ya shiga wannan bututun. Namu ma haka, ba inda hannu zai kai gare shi sai ta wannan bakin na ƙasa. Auta ya warware wayar rataye kaya ya zura. Ta tafi, ta tafi, ta ƙi gaba. Ya ja, ta ƙi baya. Ya sa ƙafa a bango ya fizga, ta fito, shi kuma ya zauna a kwata.

Mai aski, wanda shagonsa ke jikin benen ta wajen titi, ya leƙo da almakashi a hannu. "Injiniya, yau kuma wa za a yi wa aiki?"

"Kai dai ka koma kan kawunan mutane."

"Kawunan ba sa gudu. Wannan kuwa in na rasa shi, ba a maimaitawa."

Auta ya ce tunda waya ta ƙi, zuƙa za a yi, haka ƙwararru ke yi. Ya durƙusa, ya goge bakin bututun da gefen riga, ya kafa baki ya ja. Ba komai. Ya ja numfashi ya sake ja da ƙarfinsa duka. Daidai lokacin esin wata malamar asibiti da ke hawa na biyu ta sako abin da ta tara. Muka ji maƙogwaronsa ya yi ƙwat.

Ya daɗe a durƙushe yana tofarwa.

Mai aski ya ce, "Yaya, da gishiri ko babu?"

Matarsa ta miƙa masa ruwa a kofi, ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Ni ban yi dariya ba. Na ce, "To, ka sha rabonka. Tashi mu shiga, a kira wanda aikinsa ne."

Da ya tashi ya bi ni, da yanzu ina ɗakina na ƙasa. Amma yana kurkure baki idonsa ya faɗa tsallaken titi, inda mai faci ke hura wa wata mota taya da injinsa. Na ga fuskar Auta ta washe.

Ya ce, "Kuskuren da aka yi tun farko shi ne ja. Turawa ake yi. Iska za a ɗura ta nan ƙasa, ta bi bututu ta share komai. Ba namu kaɗai ba, Inna, na gidan nan duka, a bugu ɗaya. In Mai Bene ya ji na wanke masa bututu tun daga ƙasa har sama kyauta, da kansa zai sauko ya ba ni makullan gidan ya ce in riƙa kula masa."

Na ce, "Bututun nan naka ne?"

"A'a."

"Na wa ne?"

"Na gida ne. Amma ai ba ni zan taɓa ba. Iska ce za ta taɓa."

"Iskar da kanta za ta tsallako titi?"

"Inna, ke dai ki zauna a inuwa ki ga ilimi."

Na ɗaga sanda, amma ya riga ya tsallaka. Na ce wa matarsa ta hau ta gaya wa Mai Bene. Ta ce ita ba za ta kai ƙarar mijinta ba, kuma bayan haka tsohon ya hana a buga masa ƙofa in yana hutun rana. Na kalli matakala, matakala ta kalle ni. Na zauna a benci.

Mai faci ya turo injinsa a kan kura, da dogon tiyo a naɗe a kafaɗa. Mutane suka fara taruwa, don unguwarmu in aka ga Auta da kayan aiki, ko mai zuwa kasuwa fasawa yake yi. Mai aski ya bar wani mutum a kujera, rabin kai a aske, ya ce masa yana zuwa.

Mai faci ya dubi bututun sama da ƙasa. "Ni fa taya na sani. Iskar keke za a ba shi ko ta mota?"

Auta ya ce, "Keke? Kana ganin bene hawa uku kana maganar keke? Ta babbar mota."

"Mai ɗaukar kaya?"

"Mai ɗaukar siminti."

"Kai ka ce. Kowa ya ji shi ya ce."

Auta ya cusa kan tiyon a bakin bututu, ya naɗe da tsumma, ya ƙara da ragowar salatif, ya riƙe da hannu biyu. Ya juya ga jama'a ya yi ɗan jawabi. Ya ce abin da za su gani yau, waɗansu sai sun biya kuɗin makaranta ake nuna musu. Ya ce duk mai esi a unguwar nan ya yi layi daga gobe. Sannan ya gyaɗa wa mai faci kai.

Inji ya yi gurnani. Bututu ya ɗan yi rawa, ya yi wani ƙugi can ciki, ya yi shiru.

Mai aski ya ce, "Shi ke nan? A mayar mana da kuɗinmu."

Auta ya ce, "Ƙara."

Mai faci ya ƙara.

"Buɗe duka."

Ya buɗe duka.

Ban taɓa jin gini ya yi gyatsa ba sai ranar. Ƙarar ta tashi daga ƙasa, ta bi bango tana hawa, muna binta da ido har sama. Sai muka ji fat a shagon aski, fat a hawa na biyu, sannan wata babba a can ƙarshe. Mai faci ya kashe injinsa.

Auta ya kakkaɓe hannu. "An gama."

Wanda ya fara fitowa shi ne mutumin da aka bari a kujerar aski. Ya fito da ƙyallen aski a wuya, rabin kansa gashi, rabin kuma wani koren abu mai yauƙi yana gangarowa ta bayan kunne. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya a gaban mai aski ya ce, "Wannan man, ni na ce a shafa mini?"

Mai aski ya leƙa shagonsa, ya ga madubi, ya ga tawul, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Injiniya, zo ka ga ilimi."

Taga ta buɗe a hawa na biyu. Malamar asibiti ta zuro farar rigar aikinta da ta goge ta shimfiɗa a gado, tana riƙe da ita da yatsa biyu. Rigar ta koma kamar an share kwata da ita.

Ta ce, "Wane ne?"

Hannuwa dai suka tashi gaba ɗaya suka nuna wuri ɗaya.

Auta ya ɗaga kai. "Malama, kin ga abin da kike shaƙa duk shekarun nan? Ke da kike aikin lafiya ya kamata ki fi kowa godiya."

"Tsaya nan, ina saukowa in gode maka."

Amma ba ita ta tsayar da numfashin jama'a ba. Daga can sama muka ji ƙofa ta buɗe, sannan sanda ta fara dukan matakala, ƙwas, a huta, ƙwas, a huta. Saukowar Mai Bene ba ta sauri ba ce, kuma ba wanda ya tafi. Mai faci ya so ya ja kurarsa, na sa sanda na tare taya. Na ce, "Tare kuka hura, tare za ku tsaya."

Mai Bene ya fito. A ƙarƙashin esi yake hutun rana, kuma tasa ta fi ta kowa tsufa, ta fi ta kowa tari. Daga hularsa har gemu har gaban farar rigarsa, ba inda abin bai samu ba. Tabarau ɗinsa ido ɗaya kawai ke gani. Wari kuwa ya riga shi isowa.

Auta ya tare shi da fara'a. "Baba, barka da fitowa. Duk wannan da ka gani a bututunka yake. Na fitar maka, ko sisi ba zan karɓa ba."

Mai Bene ya cire tabarau, ya nemi wuri mai tsabta a rigarsa da zai goge, bai samu ba, ya mayar.

"A bututuna yake?"

"Shekara da shekaru, Baba."

"Yanzu yana ina?"

Auta ya juya ya dubi bututun.

"Ni in gaya maka. Yana kan gadona. Yana kan labule, yana kan darduma, yana cikin kofin shayina. Akwai wanda ya kai silin, ban san yadda aka yi ba." Ya juyo gare ni. "Iya, me na ce bara?"

Na ce, "Na tuna. Ba sai ka maimaita a gaban mutane ba."

"To mu ga naku ɗakin. Tunda a kansa aka fara, shi ya fi kowa shan wanka."

Muka shiga, jama'a suka cika ƙofa da taga. Falonmu tas. Bango fari, kujeru a bushe, ko ɗigon kore babu. Toshewar namu tiyon ta yi tauri har iskar ba ta iya ratsa ta ba, sai ta bi na waɗanda hanyarsu ke buɗe. Esin tana nan a bango da salatif a baki, tana ɗiga cikin bokiti kamar yadda muka bar ta.

Mai aski ya ce daga taga, "Wato a gidan nan duka, wanda ya toshe shi kaɗai ne bai buɗe ba."

Auta ya ce, "Saura kaɗan ne. In aka ƙara bugu ɗaya..."

Matarsa ta ce, "Abban yara, don Allah."

Mai Bene ya zagaya falon a hankali. Ya leƙa ɗakin kwana, ya leƙa kicin. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi yadda ƙasa ta miƙe shar har titi. Sannan ya zauna a kujerata, ya miƙe ƙafafu, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya iso gida.

Ni ba na roƙo, ban kuma fara ranar ba. Na ce, "Kora ce? Faɗi, mu san abin yi."

"Wa zai kori tsohuwa? Ni dai ɗakina ba ya zaunuwa, nan kuwa yana zaunuwa. Ɗanki zai hau ya wanke sama, ya yi fenti, tunda fenti kam an ce ya sani. Ya wanke na malama, ya wanke shagon aski. In ya gama, ku kwashe kayanku ku hau. Ni na sauko."

"Esin nan fa tana ɗiga."

"Zan kira mai gyara. Kafin nan bokiti ya ishe ni."

"Gwiwoyina fa? Da me zan hau hawa uku?"

Ya dubi Auta, ya dube ni. "Iya, ai kin haifi injiniya."

Na auna maganar. Gidan nasa ne, gargaɗi ya yi, a gaban shaidu kuma aka karya. Na juya ga Auta na ce, "Ka ji. Hawa da sauka, a bayanka."

Ya yi 'yar dariya, ya duba ko akwai mai taya shi. Babu.

Haka aka yi. Ya wanke ɗakunan mutane, malamar asibiti na tsaye a kansa tana nuna masa lungu da tsinken tsintsiya. Ranar da muka tashi, bayan an gama hawa da kaya, ya durƙusa a gindin matakala na hau bayansa, unguwa na kallo. Ni ba ƙaramar mace ba ce, ban kuma rage masa komai ba.

Da can ba na son yawo. Yanzu kuwa kullum ina da inda zan je. In ba dubiya ba, to gaisuwa. Wani lokaci sai mun kai ƙasa in tuna na bar carbina a sama.

Shekaranjiya muna hawa, ya tsaya a hawa na biyu yana haki, gumi na bin wuyansa. Ya ce, "Inna, na yi wani tunani. In aka samu igiya mai ƙarfi, da kujerar roba, da ƙarfe mai juyawa a baranda, ke dai ki zauna kawai, ni kuma daga sama..."

Na kama kunnensa. Ban sake shi ba sai da muka kai ƙofa.